Madubin Kamaru da Shinkafar Iya Luba

"Lafiya lau, maigida, sai gwiwa. Kai kuma wa ya rataya maka layu har biyu a wuya, kamar ɗan goyon da ake tsoron baki?"

Iya Luba ce ke tafe a kan kunya, sanda a hannu, kwanon ɗanwake a ka. Gonarta 'yar ƙarama ce a ƙasan madatsar ruwa ta Watari, amma ita ce tuwonta na shekara. Shinkafar ta yi kai tana cikin madara, daidai lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukar mata garke-garke. Shi ya sa ta ɗora wa jikanta Kamaruddeen, malamin makaranta da ya zo ƙarshen mako daga Kano, tsaron tsuntsu. Aikin ba wuya. Igiya ce aka ja daga rumfa har ƙarshen gona, an jera mata gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, in tsuntsu ya sauka a girgiza. To tun daga hanya Iya ke kasa kunne, ba ta ji ko ƙwas ba.

"Yi a hankali, tsohuwa, muryar nan taki har kifin dam take kora," in ji Kamaru, bai ko waiwayo ba. "Ba layu ba ne, madubin hangen nesa ne na masu kallon tsuntsaye. Abokina mai shago ya ba ni biyu in gwada, in ɗauki ɗaya."

"Kallon tsuntsu? Ni na ce ka kora, kai ka zo kallo. Ina dai ganin mazan banza, amma ni nawa ya fi na kowa."

"Ki gode Allah da na rufa miki asiri. Wa zai kwashi mace mai haƙori uku, ukun ma ba sa ga maciji da juna?"

"Haƙoran sun zube ne garin tauna maka nama kana tsumma. Me ya raba layun naka?"

Nan fa aka taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ɗaga baƙin. "Wannan sau goma yake jawo abu, sai dai nauyi, in hannu ya ɗan yi rawa komai sai ya yi rawa. Wannan koren kuwa sau takwas, amma ya fi faɗin gani, ya fi haske a ƙarƙashin gajimare. Kuma a like yake ruf, ko ruwan Agusta ya dake shi ba ya yin hazo daga ciki."

"Ashe ya fi ɗakina, da ka ce za ka gyara wa rufi tun bara. Nawa ne kuɗinsa?"

"In na faɗa za ki suma, ni kuwa ba zan iya ɗaukar ki ba."

"Ya kai tunkiya?"

"Ƙara dai."

Iya ta sauke kwanon ta riƙe haɓa. "Ka sayar da garke ka sayi ido, ga naka biyu Allah ya ba ka kyauta. In ka hango tsuntsun, cikin tukunya yake faɗowa?"

"Suna nake rubutawa. Akwai wani ɗan baƙo da ke tasowa tun daga Turai a irin wannan lokaci, shi nake jira."

"Hangen Dala ba shiga birni ba. Baƙon naka a gonata aka yi masa masauki?"

Tana rufe baki sai ga wani baƙin girgije ya taso daga wajen ruwa, ya karkata, ya zube a ƙarshen gonar. Iya ta zabura. Ta san garke irin wannan, kafin rana ta take sai ya bar mata kara tsaye. Ta yar da sanda ta cafki igiyar ta fizga da ƙarfinta duka. Gwangwanayen suka yi ta lilo, amma shiru kake ji, kamar an aiki bawa garinsu.

Ta sake fizga. Ta juyo ta dubi jikanta.

"Raɓa ce ta jiƙa su," in ji Kamaru, yana duban wani waje.

"Raɓa. Tun kafin a haifi ubanka nake tsaron tsuntsu, ban taɓa ganin raɓar da ta kama bakin tsakuwa ba. Miƙo layar nan."

"Ba ki iya ba. Wannan ba kwalli ba ne."

"Miƙo, ko in sake ka a nan gaban balbelu."

Ya miƙa mata baƙin. Ta kafa shi a ido ta baya, ta yi tsaki. "Ka ga mugun abu. Ya mayar mini da gona kamar faifai."

"Juya shi za ki yi, gimbiya."

Ta juya. Hannunta na rawa, gonar na rawa, ga numfashinta ya sa gilashin ya yi gumi. "Wannan irinka ne, ga nauyi ga rashin amfani. Kawo ɗayan."

Kamaru ya cire koren daga wuya ya miƙa mata. Da Iya ta ɗora shi a ido sai ta yi baya har ta kusa zama cikin ɗanwake, don jan-bakin sun zo mata gab da hanci, kowanne kamar kaza, bakinsu jawur, suna tsotse mata shinkafa hankali kwance. Ta kai musu duka da hannu ta sami iska. Sannan ta nutsu, ta bi igiyar da kallo, gwangwani bayan gwangwani. Kowanne an cusa masa ɗanyar ciyawa dam, har tana leƙowa ta baki.

Ba ta sauke madubin ba ta ce, "Maigida."

"Na'am, uwargida."

"Raɓar garinku da hannu take zuwa? Har ta iya yankan ciyawa?"

"Wataƙila ɓera ne ke sheƙa."

"Ɓera mai digiri. Ga sawun takalminsa nan a laka, irin mai igiya."

Kamaru ya sosa ƙeya. "Iya, ƙarar ce ke korar mini baƙon. Na ce kafin ki iso in cire."

"Kai ka yi baƙo, ni na yi walima. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, to yau babba ta samu rimin ma. Tuɓe takalmin nan ka shiga. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Lakar ta kai gwiwa fa."

"Taka gwiwar ai sabuwa ce."

Ya naɗe wando ya faɗa gonar, yana tafa hannu yana "haa, haa" da muryar da ya saba yi wa 'yan aji. Garken ya tashi fuu. Ya bi gwangwanayen yana zaro ciyawa, Iya kuwa ta gyara zama a rumfa da koren madubi, tana ba da umarni kamar mai unguwa.

"Ka tsallake ɗaya. Na hagunka. Kar ka taka mini shinkafa da ƙafar nan taka mai kama da faranti."

Da ya kai ƙarshe ta ja igiyar. Gonar ta kaure da ƙara, har ragowar da suka maƙale suka bi 'yan'uwansu.

Daga can ya ɗaga murya, laka har gwiwa. "To wanne zan ɗauka a cikin biyun?"

"Mayar wa mai shagon da baƙin. Wannan kuwa yana wuyana sai an yi yanka."

"Ya yi kyau ke nan?"

"Ƙwarai. Daga nan har kunyar da ke fuskarka nake gani."

Kamaru ya tuntsire da dariya har ya kusa zamewa. "Na sallama, tsohuwa. A bar mini ɗanwaken dai."

Iya Luba ta buɗe kwanon, ta tura shi gefen tabarma. "Wanke hannu tukuna. Ina kallon ka."