Sanarwar Rasuwar Asusun Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya yi nauyi, Maman Auta ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar asusun 'yarta na cikin tsohuwar kwamfutar falo. Ta so ta yi shiru da maganar, sai yarinyar ta tare ta a ƙofar kicin tana tambayar ko murya ma mutuwa take yi.

Marigayin ya rasu ranar Asabar da hantsi, yana da shekara huɗu, a hanyarsa ta ƙaura zuwa sabon zubin Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar.

An shaide shi da haƙuri. Ya sha yatsu masu maiƙo, an taɓa zuba masa shayi, bai yi ƙorafi ba. Yana ƙara wa haruffa girma saboda idon Auta, yana kuma rufe mata duk shafin da uwarta ta hana. Babban alherinsa kuwa, da an buɗe shi muryar Kaka ce ke fara fita: “Ja'ira, kin wanke hannu kuwa?” Kawun Auta ne ya saka ta, wata uku kafin Allah Ya karɓi ran Kaka. Wayar da aka ɗauki muryar da ita ta daɗe da lalacewa.

Bai yi doguwar jinya ba. Kuma kada kowa ya zargi Kawu, domin aikin hannun Maman Auta ne. Mace ce mai tsantseni. Ta buɗe babbar foldar asusun, ta kwashe duk abin da idonta ya gani, hotuna, zane-zane, takardun makaranta, ta zuba a filashi biyu saboda tsaro. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta goge faifan ajiyar kwamfutar, ta ɗora sabon zubi a kai. Ba ta san cewa duk foldar da sunanta ya fara da ɗigo ɓoye take ba. A cikinsu marigayin ya ajiye halayensa duka, a can kuma muryar take. Mai gyara ya yini a kan faifan bai samo muryar ba, daga bisani ya cire shi ya sa wani, ya tura mata kwamfutar a hankali.

Ya rasu ya bar hotuna dubu biyu, da zanen kyanwa mai ƙafa shida, da sabon asusu mai sunansa wanda ba ya gaida kowa.

Za a yi jana'iza gobe bayan an taso daga makaranta: za a naɗe tsohon faifan a ɗankwali, a sa a ƙasan akwati. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma don Allah ban da “ai da kin tambaye ni”.

Kai kuma mai karatu, in ƙaura ta kama ka, ka fara umartar kwamfutarka ta nuna abin da ta ɓoye. Kada ka goge tsohon wuri sai yaranka sun shiga sabon, sun ce maka komai ya iso.