Bidiyo na Bakwai

Duk wanda bai san Malam Zunnuraini ba, to bai san Jibiya ba. Shekara ɗaya tak ya taɓa koyar da lissafi a wata jami'a, aikin wucin gadi, amma shekarar nan ta ishe shi ado har ƙarshen rayuwa. Shi ya raɗa wa kansa Farfesan Ƙasa Biyu, wai iliminsa na tsallaka iyaka ba mai tambayarsa takarda. Masu shayin garin Magama na bakin iyaka kuwa, marasa ta-ido, Farfesa Madubi suke ce masa, don ba ya wuce gilashin mota bai gyara hula ba.

Da ya ji ɗaliban jami'a na kuka da lissafi, tausayi ya kama bawan Allah. Ya sayi allo, ya jingina waya da buhun gero, ya shiga ɗaukar bidiyo yana tura musu.

Ba wanda ya kai Mufida, ɗiyar ƙanwarsa, murna. Sau biyu tana faɗuwa kwas ɗin lissafi, in ta faɗi na uku jami'a za ta sallame ta. Ta buɗe bidiyon farko.

Minti arba'in ne. Ashirin na farko Farfesa ya gaida masoyansa na Maraɗi da Katsina, ya ba da tarihin makarantun da suka yi sa'ar samunsa. Da ya juya ga allo, babbar riga ta shanye allon kaf. Da ya ɗan gusa, sai ga rubutu a juye, domin da kyamarar gaba yake ɗauka don ya riƙa ganin fuskarsa.

"Kawu," in ji Mufida da ta je ta same shi, "rubutun hwa a juye yake hitowa."

"Ke ɗiyata, mi kika sani? Bature na rubutu daga hagu, Balarabe daga dama. Ni na haɗa biyun!"

Mufida ta koma gida ta yi kukanta. Ta ɗauko madubin kwalliya ta kara a gaban waya, rubutu ya miƙe. Amma madubi bai da maganin babbar riga.

Ana nan sai bidiyo na bakwai. Farfesa ya cika allo da aiki tun daga tushe, ya gyara murya ke nan sai ya ji jiniyar wani babba zai wuce bakin iyaka. Ya zabura ya fita, kada babban ya wuce bai samu albarkar gaisawa da shi ba. Wayar ta ci gaba da ɗauka. Minti goma sha ɗaya allo na tsaye shi kaɗai, sai wata kaza da ta gitta. Da yake bai iya yanke bidiyo ba, haka ya tura.

Abin takaicin shi ne, mutumin ya iya lissafi. Mufida ta kara madubinta, ta kwafe allon layi-layi, ta maimaita har ya zauna mata. Sakamako ya fito, ta ci.

Farfesa ya sa aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika, ya gayyato har da masu shayin Magama.

"Jama'a, ga hujja! Mufida, tashi ki shaida masu, wane darasi nawa ya cece ki?"

Mufida ta miƙe, ta rusuna da ladabi.

"Na bakwai, Kawu."

"Madalla! Mi ya hi burge ki cikinshi? Bayanin ko salon?"

"Wurin da ka hita ka ba allon wuri."

Ta ƙara da cewa abokan karatunta na gaisuwa, suna roƙon in za a ɗauki na takwas, don Allah Kawu ya rubuta ya tafi gaisuwa.