Inda Hansai Ba Ta Ji

Ƙawata Asabe, jiya na gan ki a bakin rijiya kina dariya har da riƙe ciki, lokacin da Mantau ya wuce yana kame da leɓensa da yatsu biyu. Ban ce miki komai ba a gaban mutane. Yanzu da yara suka tafi makaranta, matso kusa ki ji dalilin riƙe bakin nan. In kin ga abin dariya ne, sai ki ci gaba.

Ke ba ki daɗe da zuwa Rafin Kanya ba, ba ki riski matarsa Gaje ba, Allah Ya jiƙanta. Su uku ne a gidan: Mantau, da Gaje, da 'yarsu Hansai, wadda ita kaɗai ta rayu cikin biyar da Gaje ta haifa. Tun haihuwar ƙarshe ƙafar Gaje ta hagu ta shanye, ko zaure ba ta kaiwa sai da sanda, saboda haka duk aiken waje Mantau ne. Shi kuwa sunansa Mantau, amma bai taɓa manta maganar da aka gaya masa ba, kuma a nan matsalar take. Yadda kika faɗa haka zai ɗauka, ba ragi ba ƙari. In kika ce masa ya sa ruwa a wuta, to kin yi sallama da wutarki.

Hansai na da shekara tara wani tabo ya fito mata a bayan kafaɗa, fari-fari, faɗinsa kamar bakin ludayi. Ba ƙaiƙayi, ba ruwa, ba zafi. Gaje ta gan shi wajen wanka, sai ta tuna baya. Tana ƙarama ta san wata goggonta da aka yi wa bukka a bayan gari, ana tura mata tuwo da sanda, yatsunta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ma da tabo irin wannan ta fara. Gaje ba ta yarda ta kira sunan ciwon ba ko a zuciyarta. Ta ce ƙyasbi ne. Ta kira mijinta ta ce, "Baban Hansai, ko'ina za mu nemi magani, amma kada ka kuskura ka kai maganar tabon nan asibitin birni." Don a ganinta can ne ake kiran abu da sunansa, in kuwa aka kira shi, to an gina wa 'yarta bukka.

Wata rana ta aike shi da yarinyar wurin Ilu wanzami. Ilu ya duba, ya kankara wurin da farce, ya ce, "Ƙyasbi ne, daga wankan kududdufi yaran nan suke kwaso shi." Ya ba Mantau wani ƙulli da aka kwaɓa da man kaɗanya, ya ce, "Ka shafa a wurin da abin ya fito." Da la'asar Mantau ya shigo gida wandonsa jagab da laka.

Gaje ta ce, "Ina maganin?"

Ya ce, "Na shafa."

Ta juya bayan yarinya, ba ko ɗigon mai. "A ina ka shafa?"

"A bakin kududdufi. Ilu ya ce daga can ya fito. Kwaɗi ma sun ji a jikinsu."

Gaje ba ta yi faɗa ba. Ta juya ta ci gaba da tankaɗe, hawaye na ɗiga cikin garin.

Wata rana ta sayar da kazarta mai ƙwai, ta ce ya je kemis ran kasuwa. Mai kemis bai ga yarinyar ba, bayani kawai ya ji, ya miƙo wani man shafawa a ɗan bututu, ya ce, "Ka shafa mata da safe da yamma." A lokacin Gaje na kwance da zazzaɓi, sai Mantau ya karɓi aikin. Kullum da safe zai tsayar da Hansai a tsakar gida, ya dubi inda rana ke fitowa, ya zagaya ɗaya gefen, ya shafa mata a ɓangaren da ke kallon yamma. Ran da ta tsaya tana fuskantar kudu, hannun dama ya samu. Ran da ta juya wa gabas baya, goshi da ciki suka samu. Sai da Gaje ta tashi ta ga kunnen yarinya na ƙyalli, bututu kuma ya ƙare.

Ta ce, "Tabon fa?"

Ya ce, "Sau ɗaya ya taɓa kallon yamma. Ran nan kuwa na cika masa."

Tabon bai ragu ba. Sai ma gefensa ya ɗan tasa, ya yi ja-ja, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Wata rana Iya Delu ungozoma ta shigo gaisuwa, Gaje ta daure ta nuna mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Daga baya ta ce a riƙa yi mata wanka da ruwan darbejiya, kuma a raba mata shimfiɗa. Kafin Iya Delu ta gama sa takalmi, Mantau ya zaro wuƙa ya tsaga tabarmar Hansai gida biyu, ya zo yana tambaya wane rabin za ta kwanta a kai. Tsohuwar ta ce, "Kai, Allah Ya shirye ka. To ka dai sa ido a kan tabon nan." Ta fita. Mantau ya zaunar da 'yarsa a kan rabin tabarma, ya durƙusa a bayanta, ya manna idonsa a kan tabon. Haka ya wuni, sai salla ke tayar da shi. Gemunsa kuwa kin san shi, kamar tsintsiyar kwakwa, ga shi yana ta gogar tabon. Yarinya ba ta motsa ba, har barci ya ɗauke ta a zaune. Gaje ta ga wannan, ta kau da kai, don ba ta son ta gane abin da ta gani.

Iya Delu ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya ajiya. Ba a yi mako ba mata suka fara janye gugansu in Hansai ta zo rijiya. Aka daina aiko wa Gaje da surfe. Matar malamin makarantar allo ta zo da kanta, ta zauna can nesa a kan turmi, ta ce yarinyar ta huta a gida tukuna har a ga abin da Allah zai yi. Ba wanda ya kira sunan komai. Gaje ta ɗinka wa 'yarta riga mai rufe wuya, ta hana ta fita. Ta tashi tsakar dare ta yi nafila, in ta ɗaga hannu sai ta rasa abin da za ta roƙa, don roƙon ma sai an kira sunan abin. Sai dai ta ce, "Ya Allah, Ka sani." Da asuba ta kama hannun Hansai tana barci, ta bi yatsun ɗaya-ɗaya, ta tabbatar suna nan.

Wata rana, ana zafi irin na bazara, Hansai ta tuɓe rigar ta sulale waje wajen 'yan gaɗa. Ba a jima ba ta dawo da gudu, yara na bin ta suna jifa da ƙwallon goruba. Gaje ta jawo ta ciki, ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, tana cewa, "Na gaya miki, na gaya miki! Yarinyar nan ba ta ji! Wallahi ba ta ji!" Ta shige ɗaki ta kwanta rub da ciki.

Mantau na zaune yana gyaran fartanya. Ya ajiye. Ya ce a ransa, ga tabo, ga kuma kurumta, abin ya yi yawa. An hana shi kai tabo asibiti, amma ba a hana shi kai kunne ba. Ya saɓa 'yarsa a wuya ya kama hanyar birni, bai gaya wa kowa ba.

A hanya suka huta ƙarƙashin wata tsamiya. Ya sa baki a kunnenta na dama ya ce, "Hansai." Ta ce, "Na'am." Na hagu ma ta amsa. Abin ya ɗaure masa kai. Gaje ba ta ƙarya, ta ma rantse. To in kunne na ji, ashe wani wurin ne ba ya ji. Ya ce ta rufe ido. Ya sa baki a gwiwarta ya kira sunanta, gemu ya yi mata cakulkuli, ta ƙyalƙyale. Ya kira a tafin ƙafa, ta yi tsalle. Ya kira a wuya, ya kira a ciki, tana ta dariya, rabonta da dariya tun kafin damina. Ya zagaya baya, ya sa gemunsa a kan tabon, ya yi ta gogawa bai ce komai ba, don numfashinsa ya ƙare. Yarinya ta yi shiru. Can ta ce, "Baba, ka daina ne?"

A asibiti ya bi layi har aka zo kansa. Likitar mace ce, mai tabarau, da gani ta gaji. Ta ce, "Malam, me ke damun ta?"

Ya ce, "Uwarta ta ce ba ta ji."

Ta haska kunnuwan da 'yar fitila, ta yi wa yarinya raɗa, ta amsa. Ta ce, "Kunnenta lafiya lau. Rashin ji irin na yara uwar take nufi. Ku je gida." Masu jira a bakin ƙofa suka kwashe da dariya.

Mantau bai tashi ba. Ya ce, "Ai ba a kunne ba ne. Na nemo wurin." Ya juya 'yarsa ya ɗaga rigar. "Nan ne ba ta ji. Amma ni ba tabo na kawo ba, an hana ni."

Likita ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta tura ƙofa ta rufe. Ta murza auduga ta yi mata tsini, ta ce wa Hansai ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta nuna da yatsa. Ta taɓa hannu, ta nuna. Ta taɓa gefen tabon, ta nuna. Ta taɓa tsakiyarsa sau da yawa, yatsan yarinya bai motsa ba. Ta laluba jijiyar gwiwar hannunta, ta sa ta matse mata yatsu, ta duba sauran jikin kaf. Sannan ta zauna ta ce, "Malam, kuturta ce. Amma ka kawo ta da wuri, ba ta taɓa hannu ko ƙafa ba. Ƙyasbi yana ji in an taɓa shi, wannan ba ya ji, da haka muke fara gane ta. Akwai magani, kyauta ne, za ta sha na wasu watanni, kuna zuwa karɓa duk wata. In ta fara sha ba za ta shafa wa kowa ba, kuma in Allah Ya yarda ko farce ba za ta rasa ba."

Bayan magariba suka iso gida. Gaje na zaune a zaure, ta ja jiki har can ba sanda, muryarta ta dushe da kiran suna. Mantau ya sauke yarinya, ya miƙa ƙwayoyin, ya maimaita maganar likita tiryan-tiryan, har da kalmar nan da Gaje ta yi shekara tana gudu. Da ta ji ta, sai ta dafe bango. Sauran bayanin, na warkewa da na kyauta, ban sani ba ko ya shiga kunnenta. Ta kama rigarsa ta ce, "Baban Hansai, don girman Allah, duk inda aka ambaci yarinyar nan, ka riƙe bakinka." Ya ɗaga yatsu biyu ya kama leɓensa.

Haka aka yi watannin nan. Duk wata ya saɓa ta zuwa birni, in an tambaye shi ina zuwa da Hansai, sai ya kame baki, mutane su yi dariya su ce wautar Mantau ce ta motsa. Ba wanda ya bi sawu. Tabon ya dushe, mata suka ce ashe ƙyasbi ne, Iya Delu ta fi kowa faɗa. Hansai ta koma makaranta. Hular da ke kan mijinki ma ita ta ɗinka.

Gaje ce dai ba ta warke ba. An gaya mata ya wuce, ta ce to. Amma har ta kwanta ciwon ajali ba ta daina tashi da asuba tana bin yatsun 'yarta ba, kuma ko sau ɗaya ban ga ta ci tuwo ta ƙoshi ba. Ni na yi jinyarta, a nan ta gaya mini duk wannan. Ta cika ba ta tuna ta ce wa mijinta ya saki bakin ba. Shi kuwa wadda ta ce ya riƙe ita kaɗai yake jira ta ce ya saki. Jiya a rijiya, wata ce ta ce Hansai ta zama budurwa, shi ya sa kika ga ya kai hannu.

To kin ji, Asabe. Garin nan bai canza ba, har yanzu in aka kira kalmar nan ba mai tsayawa ya ji ƙarshen zancen. Don Allah kada ki gaya wa kowa, ko mijinki, ko 'yar'uwarki. Wawan gari ya iya riƙe ta shekara da shekaru da yatsu biyu, ke ma ki riƙe.