Taraktarmu Tana Jiran Shari'a

Jiya tun da aka idar da sallar asuba nake tsaye a layin mai na Birnin Kudu, rungume da galan kamar mai raino. A ƙasar da ake cewa mai ya yi mata yawa, ga ni ina cacar baki da direbobin tifa a kan gas ɗin da bai cika tulu ba.

Kar ku ce mota na saya. Bara ne manya suka zo mana Maruta da lasifika, suka ce zamanin shanun huɗa ya wuce, gwamnati ta kawo tarakta, kowa ya zo da mansa a nome masa gona. Ni sarkin saurin yarda na kai bijimaina kasuwa. Yanzu ruwa ya sauka, gonakin masu taurin kai sun sha huɗa, tawa kuwa ciyawa ce ke sheƙe aya a ciki.

Da la'asar na isa rumfar tarakta a Gwaram, na tarar wayam, sai maƙwabcina Manu zaune a kan nasa galan.

"Malam Sada, huta," in ji shi. "Tana gidan Alhaji Dodon Ɓarayi. Wai kayan shaida ce."

Yaran yanzu a rediyo suka san Alhaji. Mu kuwa mun san shi tun yana duba-gari, mai kula da tsaftar kasuwa, da ɗan gajeren wandonsa. In ya ɗaga cinyar rago a gaban mahauci ya shinshina ya ce ta lalace, sai ya wuce da ita gida don zurfafa bincike. Abin mamaki, kai da ƙafa ba su taɓa lalacewa ba, sai cinya. Da aka sami mulkin kai aka lura da hazaƙarsa, aka tura shi aikin kwastan a bakin iyaka. Da kuɗin mai suka ɓarke, aka ɗora shi a kan hukumar kama masu cin hanci ta ƙasa baki ɗaya. A yi masa adalci, bai taɓa karɓar toshiya ba, ko da goro. Abin da ɓarawo ya sata kawai yake karɓa ya adana. Ranar da ya yi ritaya, manyan motoci ne suka rako kayan shaidar gida.

Ni da Manu muka je gidan nasa, muka cire takalma, muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, cigiyar tarakta muke," na ce.

"Ku gode wa Allah," in ji Alhaji. "Wani ma'aikaci ya so ya sayar da ita, ni na ceto muku abarku. Shi ne aikina na ƙarshe a ofis. Da an gama shari'a za ku gan ta."

"To yaushe za a gama, ranka ya daɗe? Shuka ba ta jira."

"Wanda ake tuhuma ya rasu da azumi, Allah ya jiƙansa. Kai ma ka sani ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa."

Daidai nan muka jiyo rugugin inji a bayan katanga. Manu ya kalle ni, na kalli ƙasa.

"Ita ce," Alhaji ya ce, ko gezau. "Inji in ya zauna tsatsa yake yi. Gonata na sadaukar tana motsa jiki a ciki, don kar shaida ta lalace a hannuna."

Sai idonsa ya faɗa kan galan ɗinmu. Ya tambaya ina talaka ya sami gas a wannan marra da ake ta ɓoye mai. Na ce layi na bi. Ya ce duk haka suke cewa, mu ajiye a nan a bincika. Manu ya ce Allah ya ƙara girma, ni kuma bakina ya ce amin ba da shawarata ba. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai dawo daidai ba.

Yau ga ni a gona da fartanya, bayana kamar zai tsinke. Mai ɗakina Hapsatu ta ce a yadda nake tafiya, bana dawar da za mu samu ba za ta kai mu sanyi ba, kuma ta yi gaskiya.

Don haka, jama'a, in kuna da abin da za a sace, ku taimaki kanku ku bar wa ɓarawo na gaske. Shi ko ba komai da gudu yake tafiya, ba ya sa ka cire takalmi ka yi masa godiya.