Maficin Alƙali

"…da gajiya kuma, tsoho? Ko da yake mai aikin zama a kujera ina ya ga gajiya."

Jikar tsohon ce ke magana, mai ɗaukar hoto. Ita aka ba aikin ɗaukar wasanmu na dandamali don a haska a silima. Ni ina kan tsani ina gyara fitilu. Kakan nata kuwa yana zaune da rigar alƙali yana fifita da maficinsa, rawar da ya shekara ashirin yana takawa.

"Amarya, ke ce yau da ƙarfe mai ido? Ɗauke ni da kyau. Idan matan duniya suka gan ni a bango, sai dai ki bi layi."

"Hancinka kaɗai zai cinye rabin majigin. Ba wannan ya kawo ni ba. Jiya na ɗora kyamara a bayan kafaɗarka, angona. Mene ne manne a bayan maficin nan?"

Fifita ta tsaya cak.

"Addu'a ce."

"Addu'ar da ta ce, 'Na ɗaure ka shekara bakwai'?"

"Kowa da irin buƙatarsa."

"Kalamanka ne kaf ka rubuce! A nan wa zai hango daga kujera ta talatin? A silima kuwa kowane harafi ya kai ƙofar ɗaki. 'Yan kallo za su karanta hukunci tun ɓarawon bai gama sata ba."

"To ai an rage musu fargaba."

"Darakta zai duba hoton gobe. In ya gane ba ka iya riƙe kalamai, gida zai sallame ka, ka je ka yi wa kaji shari'a."

"Ni? Da kan nan na haddace wasa arba'in lokacin uwarki tana rarrafe!"

"Faɗi layin farko."

Tsoho ya buɗe baki, ya rufe. Ido ya fara zamewa wajen mafici, ta fizge. Ta bi rubutun da yatsa har ƙasa, sai ta dafe ciki don dariya.

"Wayyo! Mai fitila, sauko ka ji! 'In ka manta, yi tari.' Kaka! Tarin nan da ake ta yabo, wai tarin alƙali mai nazari?"

"Shekara ashirin ana masa tafi, 'yar nema. Ke me aka taɓa tafa miki?"

Ya rage murya. "Ƙanwata ba ta iya doguwar tafiya. Ba ta taɓa ganina a dandamali ba, amma akwai silima a bayan layinsu."

Ta juya maficin a hannunta, ta miƙa masa.

"Na cire kyamarar baya, ta gaba ta ishe ka. Amma tari uku na yarda, na huɗu in yanke."

"Biyar."

"Uku."

Ya kwashe da dariya har ya sarƙe, ya kama tari na gaske.

"Saura biyu," in ji ta.