Ranar da na ci kaza don 'yantar da Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na yi furfura, da ranar da Inna ta aike ni daga Zongo in kai wa Baba tuwo garejin Turawa da yake kanikanci a bakin tashar jirgin ruwa. A lakwal, wato makarantar boko, kullum ana koya mana juyin juya hali, har akuyar gidanmu kamarad nake ce mata.

Ina isa na tarar da Baba da sauran baƙaƙen ma'aikata zaune a rana, ga Turawa can cikin kantin cin abinci na garejin, fanka na kaɗa musu. Jinina ya tafasa. Na dire kwano, ban ko gaishe da kowa ba.

"Kai, ina za ka?" in ji Baba.

"Yau za a daina wariya, Baba!"

Na banka ƙofa, na zauna kusa da babban Baturen, na zuba masa duk Faransancin da na haddace (rabinsa ni ma ban san ma'anarsa ba). Sannan na jawo farantin kaza na hau ci, don duniya ta shaida.

Mutumin bai yi fushi ba. Murna ya yi! Ya ƙara mini cinya, ya leƙa taga yana kira: "Ku duba, naku ya fara ci! Ku shigo mana!"

Ashe ba hana su aka yi ba. Su suka ƙaurace wa kantin, sun rantse ba mai taɓa abincin sai an daidaita albashinsu da na Turawan da suke aiki iri ɗaya. Patron, wato babban Baturen, ya yi lallashi har ya gaji, sai Allah ya kawo masa ni.

Na fito da maiƙo har haɓa. Wani Kawu Sule ya ce, "Malam Idi, ɗanka ya sayar da mu a kan cinya."

Baba ya dube ni, ya dubi Baturen. "Mushe," in ji shi, wato yallaɓai da Faransanci, "wannan ba ma'aikaci ba ne, ciki ne kawai. Muna nan inda muke."

Ba wanda ya motsa. Suka raba tuwon Inna, ni ko loma ba a ba ni ba.

Har yanzu ina bayan ma'aikata, amma kafin in 'yantar da kowa sai na fara gaishe shi, in tambaye shi me ake ciki.