Yadda Likitar Iyali Za Ta Sa Baffanta Ya Cire Safa

'Yar'uwata a sana'a, assalamu alaiki. Idan kika bi matakan nan bi da bi, na yi miki alkawari, da izinin Allah, dattijo mafi taurin kai a danginku zai tuɓe safarsa ya miƙo miki ƙafa ki duba. Ni da nake wannan alkawari na yi furfura a asibitin sha-ka-tafi na garinmu, kudu da birnin Karak, kuma har yau idan kan mahaifiyata ya yi ciwo, maƙwabciya take tambaya. Saboda haka ba da nasarata zan koyar da ke ba, domin babu ita. Da ta abokiyar aikina Dakta Maisun zan koyar, ita da baffanta Mutlaƙ, mai ciwon sukari, wanda ya soma ɗingishi bayan girbin zaitun, ya kuma rantse cewa ƙafarsa ta hagu lafiyarta ƙalau. Maisun kuwa ta san abin da ɗan ƙaramin miki yake yi wa ƙafar mai sukari idan aka ɓoye shi: daga yatsa yake farawa, a gwiwa yake tsayawa.

Mataki na ɗaya: Ki san matsayinki

Kada ki yi zaton shekarun da kika kwashe kina karatu za su bi ki cikin gida. A bakin ƙofa suke tsayawa, tare da takalma.

Ranar da Maisun ta dawo da takardar ƙwarewarta, matar baffanta, Inna Subhiyya, ta rangaɗa guɗa, sannan ta tambaya, "Likitar me kika zama, 'yata? Ta zuciya ko ta ido?"

"Ta iyali, Inna. Ni ce ta farko da mutum zai gani, in san shi, in bi lafiyarsa tun kafin ciwo ya yi nisa."

"Allah sarki. To Allah ya nuna mana ranar da za ki gama karatun."

Tun daga ranar Baffa Mutlaƙ ya raɗa mata suna Likitar Mura. Ki karɓi irin wannan suna hannu biyu. Wanda ya taɓa share miki majina ba ya karɓar magani daga hannunki.

Mataki na biyu: Ki jira shi a asibiti

Zai zo. Ba don ki duba shi ba, don hatiminki. Baffa Mutlaƙ ya tsallake layin da ya kai har bakin titi, ya shigo da matarsa da surukinsa da wani maƙwabci wanda ya rako su don kawai motarsa ce.

"Buga min takarda in tafi Amman wurin babban likita."

"Baffa, cire safar in ga wurin tukuna."

"A gaban jama'a? 'Yar ƙanena ta riƙe min ƙafa? Ai ba a haife ni ba. In kina da allura ki yi min. Likitan da bai yi allura ba, hira ya yi."

Maisun ta buga hatimin, kamar yadda dukanmu muke bugawa daga safe har azahar, har na soma zargin cewa hannun dama kaɗai hukuma ta ɗauka aiki a jikina. Asibitin birni ya ba shi rana bayan sanyi ya wuce. Miki kuwa ba ya bin layi.

Mataki na uku: Ki girmama manyanki a sana'a

Su uku ne. Akwai mai kantin magani, Abu Yazan, wanda ya ba shi kafso ba tare da ya ga ƙafar ba, don yana da baiwar gane ciwo daga tafiyar mutum. Akwai maƙwabciya, wadda ta ce a barbaɗa garin gahawa a shafe da man zaitun. Akwai kuma ɗansa Hamdan da ke aiki a Kuwait, wanda yake turo hoton bidiyon wani mutum mai rawani da ya kori sukari daga jikinsa da ganyen ɗaci. Ke ce ta huɗu. Ki jira a zo kanki, kuma kada ki ji haushi idan an tashi taro kafin a zo.

Mataki na huɗu: Ki yi masa kwanton ɓauna wurin alwala

Maisun ta yi tunani irin na masu ilimi: mutumin da ba ya fashin salla dole ya wanke ƙafa. Ta je gidan dab da la'asar, ta zauna kusa da famfo tana taya Inna Subhiyya gyaran ganyen inabi. Baffa ya zo, ya yi alwala a natse, ya jiƙa hannu, ya shafa a kan safa, yana kallonta.

"Addini sauƙi ne, Likitar Mura. Ko shi ma za ki rubuta min takarda?"

Bayan ya fita, Inna Subhiyya ta rage murya. Ta ce sai ya kulle ɗaki yake canza safar, kuma daban take wanke ta saboda abin da take gani a jikinta. Ta ce amininsa ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, tun daga nan ya ƙudurta cewa nunawar ce take jawo yanka.

"To bari in faɗa masa gaskiya, Inna. Ɓoyewar ce take jawowa."

"Kul! Mu ba ma faɗa wa mara lafiya ciwonsa. Tsoro ne yake kashe mutum, ba cuta ba."

A nan za ki gane cewa kowa a gidan yana ƙaunarsa, kuma ƙaunar ce ta tsaya tsakaninki da ƙafar.

Mataki na biyar: Ki yi wa'azi a kan abinci

Wannan matakin ba ya aiki, amma babu likitar da take tsallake shi. Ranar Juma'a, bayan an ci mansaf, shinkafarmu da naman rago, Maisun ta yi bayani mai tsari a kan sukari da jijiyoyin ƙafa, riƙe da farantin kunafa, kayan zaƙi sharkaf da ruwan sukari, da aka ɗora mata, wanda ƙin ci cin fuska ne. Ta cinye. Aka ƙara mata. Baffa ya ce, "Ci gaba, muna ji."

Mataki na shida: Ki ajiye finjali

Kin san al'adarmu. Baƙon da ya zo da babbar buƙata, ta neman aure ko ta sulhu, idan aka miƙa masa gahawa sai ya ajiye finjalin, ɗan kofin nan, a ƙasa, ba zai sha ba sai an biya masa. Gahawar baƙo kuwa ta huce a gabansa, abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Maza ne suke yi, dattawa, masu alkyabba. Ba a taɓa jin mace ta yi ba, amma Maisun ta bincika, ba a taɓa jin an hana ba.

Ta zaɓi yammacin da ɗakin baƙin baffanta ya cika da dattawan dangi. Ta yi sallama, ta shiga, ta zauna a gefen shimfiɗa. Tun tana yarinya ba ta taka ɗakin ba. Mai zuba gahawa ya ruɗe, ya zuba mata don bai san abin da zai yi ba. Ta karɓa da hannun dama, ta ajiye a ƙasa, ta naɗe hannu.

Dattawan suka dubi juna. Wani tsoho ya kece da dariya. "Mutlaƙ, an zo neman aure a gidanka! Wa ya rage maka, kai ko akuya?"

"Ke 'yar nan, wasa kike yi? Sha ki tashi."

"Ba zan sha ba, Baffa. Da buƙata na zo."

Tururin finjalin ya soma raguwa, kowa yana kallonsa. Tsohon ya daina dariya, ya ce, "Gahawa tana hucewa, Mutlaƙ."

Baffa ya gyara zama, ya shafa gemu, ya furta abin da kakanninsa suke furtawa, wanda ba a janye shi: "Sha gahawarki. Abin da kika zo nema kin samu."

Ta ɗauka, ta shanye, ta girgiza finjalin alamar ta ƙoshi. Sannan ta ce, "Safarka ta hagu nake so, Baffa. Yanzu."

Ya dube ta ya daɗe. Ya dubi dattawan, babu wanda ya cece shi. Da ya sunkuya, sai ta riga shi, ta durƙusa ta cire masa da kanta. Ƙaramin yatsan ya riga ya yi baƙi, ja ya soma hawa bayan ƙafar.

A hankali ya ce, "Za su yanke ko?"

"Idan muka tafi yau, ina sa ran yatsa ne kawai, in sha Allahu. Idan muka jira bayan sanyi, ba zan yi maka ƙarya ba."

Tsoro bai kashe shi ba. Sandarsa ya ce a miƙo masa.

Mataki na bakwai: Ki yafe yabo

Yatsan ya tafi, ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi. Baffa Mutlaƙ yana faɗa wa duk wanda ya zo dubiya cewa wani farfesa a Amman ne ya cece shi, mutum mai hannu mai albarka. Idan aka ambaci Maisun sai ya ce, "Wannan ai idonta a tsaye yake." Ki ce amin ga addu'ar da ake yi wa farfesan. Wanda yake rubuta lada ba ya buƙatar hatimi.

Tsame hannu

Babu ruwana da abin da zai biyo baya. Ni da na gwada a gidanmu, mahaifiyata ta ɗauke finjalin ta shanye, ta ce kada a yi asara. Maisun kuwa, tun daga ranar, babu gidan dangi da aka sake miƙa mata gahawa. Shayi ake ba ta, a kofin gilashi, ana kallon hannunta. Idan ta yi sallama gidan baffanta, sai ta ji muryarsa daga ciki yana cewa, "Subhiyya, ɓoye butar gahawar, Likitar Mura ce." Kafin ta kai ƙofar ɗaki, ta tarar ya miƙe ƙafa a kan matashi, safa a hannu.